Ba a Faɗa Sai an Tashi Wasa

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi jika! Ni Ozell Tandy, da na yi shekara talatin da ɗaya ina goge daɓen filin ƙwallon kwando na Kwalejin Bellcourt, yau na yi jika. Mace ce. Rubutun duk ya karkace don murna, amma Malama Pruitt ta makarantar yamma ta sha gaya mana, ranar da abu ya cika maka ciki ka zuba shi a takarda. Ina da shekara hamsin da huɗu ta koya mini haɗa baƙi. Ga shi yau ya yi mini rana.

Lamont, mijin 'yata Renita, shi ya kira ni ƙarfe shida. Saura sati goma, yarinya ta ce ita ba za ta jira ba. Bakwaini ce, laba biyu da ɗan kai. Na tsallaka kogi zuwa asibitin birni da silifas ɗin zaman gida a ƙafata, ban lura ba sai a cikin lif. Tana cikin kwalba, ja wur, tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Likitar ta ce tana da ƙarfi, kusan da kanta take numfashi. Sun sa mata sunan marigayiya matata.

Daga can ban zame ko'ina ba sai shagon Cleon mai aski. Na banka ƙofa na ce, "Jama'a, ta tsallake! Jikata ta tsallake, nan da wata ɗaya tana gida!"

Cleon ya ce, "Allah dai ya sa ba kunnuwanka ta ɗauko ba, tsoho."

Na ce, "Ko ta ɗauko, ta fi mai sanƙo yana sayar da man gashi."

Har wanda ake wa aski sai da ya sauko daga kujera ya rungume ni da kumfa a haɓarsa. Na saya mata jar rigar ƙungiyarmu, mafi ƙanƙanta da ke kanti. Sau uku za ta shiga cikinta.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Lamont ya sake kira. An mayar da ita kan na'urar numfashi. Wai hanjinta ne. Ya faɗi wani dogon suna, ban ce ya maimaita ba.

Likita ba ta ce ta tsallake ba. Ni na ce.

Juma'a, 15 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ina da shekara tara, muna zaune da babana a barandar gidanmu muna jin wasan ƙwallon gora a rediyo, wasan nan da ɗaya ke jifa, wani ya doka da gora ya ruga zuwa zango. Mai jifanmu ya kai zagaye na bakwai, ba a samu ko mutum ɗaya da ya doki ƙwallonsa ya isa zango lafiya ba. Mutum yakan yi shekara ashirin yana jin wasa bai ga irin wannan ba. Na yi tsalle na ce, "Baba, har yanzu ba wanda ya doke shi!" Ban rufe baki ba aka ji ƙarar gora. Babana bai taɓa marina ba sai ranar. Ya ce, "Ba a faɗa. Sai an tashi wasa." Ya ce ko abokan wasan mai jifan ba sa yi masa magana, matsawa suke yi su bar masa ƙarshen benci shi kaɗai, kada bakin wani ya taɓa shi.

Shekara sittin da biyu ban sake karya wannan doka ba. Sai jiya, a gaban mutum bakwai, da ƙarfi.

Na sa jar rigar a ƙasan durowa. Ba zan rubuta sunanta a nan ba tukuna. Ba zan tambaya ba, ba zan je in tsaya a kanta da wannan bakin nawa ba. Sai an tashi.

Lahadi, 17 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

An fitar da jerin makarantun da za su buga babbar gasar ƙwallon kwando. Muna ciki. Ranar Alhamis za mu kara da wata ƙaramar makaranta daga yamma da ban taɓa jin sunanta ba.

A coci Fasto ya ce a tashi a yi wa iyalin Tandy addu'a. Da na ga zai kama suna sai na fita waje kamar tari ya sarƙe ni.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Renita ta kira. Muryarta kamar an wanke an matse.

"Baba, yau da safe sun ce..."

Na ce, "Kin ci abinci?"

"Na ci. Baba, sun ce idan..."

"Kin ga wa aka haɗa mu da su? Ba su da dogo ko ɗaya. Dogonmu Bridgewater zai yi ta zuba musu kamar mai ɗiban ruwa."

Ina jin wata na'ura a bayanta tana ƙara, ɗin, ɗin, ɗin. Ta ce, "To, Baba. Allah ya ba ku sa'a." Ta ajiye.

Na dafa wake da burodin masara. Ban ci ba.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

An fitar da mu daga gasar. Wasan farko.

A shagon Cleon muka kalla, ya rufe aski tun sha biyu. Saura minti shida muna gaba da maki goma sha huɗu, sai Dub Ferris, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, ya miƙe yana gyara wando ya ce, "To, wannan kam mun ci. Wa za mu samu ranar Asabar?"

Na ce, "Dub, zauna ka rufe mana baki."

"Haba Ozell, wannan ai kwando ne, ba gora ba."

Daga nan ba mu sake jefa ko ɗaya ba sai sau biyu. Bridgewater ya samu jifan kyauta huɗu ya zubar da uku. Koci ya tsaya da hannu a aljihu kamar mai jiran bas. An ci mu saba'in da ɗaya da saba'in. Yaran can suna ta birgima a kan daɓe, namu suna tafiya kamar an tashi daga kasuwa.

Dub ya ɗauki hularsa ya fita, ba wanda ya ce masa sai gobe.

Ka gani ko? Baki ne. Kullum baki ne.

Asabar, 23 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Bridgewater ya sanar zai koma wata makaranta. Kwana biyu ke nan, gumin rigarsa ma bai bushe ba. Wasu uku sun bi shi. A da yaro shekara huɗu yake yi, na san uwarsa, na san wace ƙafa ke masa ciwo, in na goge daɓe yakan cire takalmi kafin ya taka. Yanzu kafin in iya rubuta sunan yaro daidai ya tafi. Wa nake wa ihu ke nan? Riga kawai. Jan ƙyalle da lamba.

Ba wanda yake zama kuma.

Litinin, 25 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na soya tarwaɗa, na dafa ganye da naman kaza yadda Renita take so, na kai asibiti. Na ba matar da ke teburin ƙasa na ce ta aika hawa na huɗu. Ta ce, "Baba, ai za ka iya hawa, kakanni suna shiga har ƙarfe takwas." Na ce na bar mota a inda bai kamata ba.

Na zauna a mota awa biyu. Taga ta shida daga hagu, ina jin ita ce. Ko ta bakwai.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Saƙon Lamont: gobe ƙarfe tara za a yi mata aiki. Na karanta sau ɗaya na kife wayar.

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ranar buɗe kakar ƙwallon gora. Duk shekara ranar nan nake cewa hunturu ya ƙare.

Na fito da littafin da nake bin wasa a ciki, na fiƙe fensir biyu. Tun ban san baƙi ba nake cika irin littafin nan, don lambobi ne da 'yan alamu, kowane mai duka da gidansa. Sunayen 'yan wasa ne kawai suka gagare ni. Marigayiya ce take zama kafin a fara ta rubuta mini su a gefen hagu, tana mita wai ta auri mutumin da ya san abin da baƙo ya yi a zagaye na shida amma bai san ranar aurensa ba. Don in rubuta su da hannuna na shiga makarantar yamma. Ba ta ga na gama aji na biyu ba.

An ci ƙungiyarmu ta gora tara da biyu. Mai jifan da aka yi ta yi mana alkawarinsa tun Disamba bai gama zagaye na uku ba. Ƙwallo ta faɗo tsakanin mutum biyu suna kallon juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Manyan mutane, aikinsu ke nan a duniya.

Na duba littafin yanzu, na ga zagaye na ɗaya da na biyu babu komai. Ban san ina hankalina yake ba.

Saƙo ya shigo ƙarfe ɗaya da kwata. "An fito. Muna jira." Ban amsa ba. Me zan ce da ba zai karya dokar ba?

Lahadi, 31 ga Maris, Ista, ƙarfe huɗu na yamma

Renita ta kira ina cire taye.

"Baba, yau kwana goma sha bakwai."

Na ce, "An ba ki kifin?"

"Ba kifi nake so ba! Uwar Lamont daga Memphis take zuwa a bas, da ƙafarta mai ciwo, sau biyu ke nan. Kai minti arba'in ne. Mai gadi ya ce ya ga wani tsoho a shuɗiyar mota yana kallon bene. Kai ne?"

Na ci gaba da warware taye.

"Tsoron ganinta kake yi? Ko don ba ta yi kama da jikokin mutane ba? Gaya mini, in sani."

"Renita, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ko sunanta ba ka taɓa faɗa ba. Sunan Mama ne fa, Baba. Faɗi in ji."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Bari dai a ga yadda satin nan zai kasance."

Ta ce, "Je ka ji wasanka." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

An ci mu biyar da huɗu.

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An ci mu shida da sifiri.

Alhamis, 4 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu na rana

Ruwa. An ɗage wasa. Gidan ya yi shiru da yawa. Na goge daɓen kicin sau biyu, yanzu ba ya takuwa don santsi.

Wayar ba ta yi ƙara ba tun Lahadi. Ina gaya wa kaina rashin kira alheri ne. Ban rubuta haka ba. Na soke.

Asabar, 6 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Na je aski ba don gashi ya taru ba. Ba kowa a shagon sai mu biyu. Cleon ya ɗaura mini ƙyalle ya tsaya yana kallona ta madubi.

"Yaya 'yar ƙaramar?"

Na ce, "Ka ga yadda suka bar mutum uku a zango jiya?"

Ya ajiye almakashi. "Ozell. Kalle ni. Kai, ba dai abin nan kake yi ba?"

"Wane abu?"

"Benci ka bar mata! Don girman Allah, tsohon banza, jikarka ka mayar mai jifa?"

"Rage murya."

"In rage wa wa? Ni da kai ne da tsintsiya. Shekara arba'in ina yi maka aski, ban san ƙwaƙwalwar nake kwashewa ba."

Na ce, "Kana nan na faɗa. Kana nan kuma Dub ya faɗa. Me ya faru?"

"Abin da ya faru Bridgewater bai iya jifan kyauta ba tun yana aji ɗaya. Ita kuma yarinya laba biyu ce, hanjinta bai kai zaren takalmi ba. Ina ruwansa da bakinka?"

"In kuma da ruwansa fa? Kai za ka ɗauka?"

Ya ci gaba da aski. Da zan fita ya ce, "Renita ta san dalili?" Na ce in na gaya mata ai na faɗa ke nan. Ya girgiza kai, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ba ya cajin marasa lafiya.

Talata, 9 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Wasa goma sha ɗaya, mun ci biyu. Mai ƙungiya ya ce a yi haƙuri ana gini ne. Tun Renita tana firamare ake wannan gini, ko tubali ban gani ba.

Lamont ya turo: zazzaɓi ya dawo. Ya ƙara da cewa, "Baba, ba ta barci. Ba jaririyar nake nufi ba."

Alhamis, 11 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Na buɗe durowa na duba rigar. Na rufe.

Asabar, 13 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta shi yadda ya faru.

Wasan rana ne, muka taru a shagon Cleon, mu takwas har da Dub. Wani yaro ne ke jifa, Delgadillo, shekararsa ashirin da uku, an ɗauko shi daga ƙaramar ƙungiya ranar Laraba don manyan duk sun ji ciwo. Ba wanda ya sa rai. Ina cika littafina kawai. A zagaye na biyar na duba gefen abokan karawa na ga layin sifiri ne daga sama har ƙasa. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Cleon. Ya kashe injin aski.

Daga nan shagon ya zama kamar coci ranar Litinin. Dub ya cusa hularsa a baki, da gaske, ya cije ta. Wani baƙo ya shigo ya ce, "Kai, me ake ci..." mutum uku suka nuna masa ƙofa. Mai sharhi a talabijin ma sai zagaye yake yi, wai a duba allo a ga abin sha'awa. Aka nuno benci. Yaron yana can ƙarshe shi kaɗai, tawul a kansa, tsakaninsa da na kusa da shi mutum shida za su zauna.

Zagaye na bakwai. Na takwas. Na tara, ya fitar da biyu, saura ɗaya. Mutum dubu talatin a fili, ba mai tari. Mu takwas a shago, ba mai motsi. Ban taɓa ganin an kiyaye doka kamar yau ba.

Na ƙarshen ya kai wa ƙwallo duka a karkace, gorar ma ta tsage. Ƙwallo ta tashi a hankali kamar tsohuwar tantabara, ta wuce kan mai tsaron zango na biyu da ɗan taki ɗaya, ta faɗi a ciyawa.

Dub ya cire hula daga baki ya ce, "Wallahi ban ce komai ba." Kamar zai yi kuka. "Ozell, kai shaida ne, ban ce komai ba."

Ba wanda ya ce komai. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zan ɗora wa. Babu.

Na gaba ya fitar da ƙwallo waje da fili. Maki biyu ke nan, an ci mu biyu da ɗaya. Har wasan ma ba su bar masa ba.

Bayan an tashi aka sa wa yaron makirufo, wani yana fassara masa. Aka tambaye shi me ya fi wuya, jifan ƙarshe? Ya ce a'a, zaman benci. Ya ce tun zagaye na shida ba wanda ya kalle shi. Ya san don alheri suke yi, amma sanyi yake ji, da ma wani ya zo ko cingam ya roƙe shi.

Cleon bai dube ni ba. Shara kawai yake yi, a wurin da ba gashi.

Lahadi, 14 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Ban je coci ba. Na hau hawa na huɗu. Taga ta tara ce ashe, ɗakin wasu na yi ta kallo daga mota.

Renita tana kan kujera kusa da kwalbar. Ta rame, wuyanta kamar na uwarta a shekarar ƙarshe. Ta ga ni ba ta tashi ba. Ta ce, "Wanke hannu har gwiwa. Minti uku. Akwai agogo."

Na wanke. Na dawo na tsaya, na gaya mata duka, barandar babana da marin da shagon Cleon da abin da na faɗa ranar Alhamis ɗin. Na yi zaton za ta yi faɗa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Wata guda, Baba. Ni ina nan ina tunanin abin da na ci, da kayan da na ɗaga, da ranar da na hau tsani. Kai kana can kana tunanin bakinka. Da ka zo ai da mun yi haukan tare."

Na ce, "Ki yafe mini."

"Ban sani ba tukuna. Sa hannunka ta nan."

Akwai 'yar ƙofa a jikin kwalbar. Na sa. An ce kada in shafa, in ɗora kawai. Bayanta duka ya shige tafin hannuna, da ɗumi, yana hawa yana sauka da sauri. Igiyoyi sun fi ta yawa. Laba uku ba kaɗan take yanzu.

Renita ta ce, "Ba ta san muryarka ba. Gaya mata wace ce."

Na duba allon da ke ƙara a samanta. Na faɗi sunanta. Muryata ta tsage kamar gorar jiya, amma na faɗa, sau biyu. Lambobin ba su canza ba. Ba su hau ba, ba su sauka ba.

Likita ta zo, ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ranar Talata za su sake yi mata aiki, ta ce wannan ya fi na farko wuya. Na tambaye ta duk abin da ban tambaya ba wata guda, na sa ta rubuta mini dogon sunan nan a takarda. Ban ji daɗin amsoshin ba.

Na bar jar rigar a kan kujerar Renita, ta yi matashi da ita. Talata tun ƙarfe bakwai ina can. Akwai wasa ranar, ban duba da wa ba.

Na fiƙe fensir. A gefen hagu ake sa suna, kafin a fara, ba bayan an tashi ba.

Verlene Mae Suggs.